RABA ƊALIBAI BISA ƘWAZO DA ƘARIN DARASIN LISSAFI: INDA ABIN YA SHAFI 'YAN KASUWAR MAIDUGURI

MAIDUGURI — Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar matashi mai takardar kammala sakandare aiki, ya damƙa masa littafin ciniki, sa'an nan ya tarar cewa matashin ba ya iya fitar da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari daga kuɗin kaya, to ya riga ya ɗanɗani matsalar da masana harkar ilmi suka daɗe suna muhawara a kanta. Muhawarar kuwa ita ce yadda za a yi da ɗaliban da suka iso babbar sakandare alhali ba su riƙe lissafin da ya kamata a ce sun ƙware a kansa tun daga firamare ba. Matakai biyu aka fi ambata. Na farko shi ne a raba ɗalibai rukuni-rukuni bisa ga abin da kowa ya iya, na biyu kuma a ƙara wa waɗanda aka bari a baya lokacin darasi. Dukansu biyu an gwada su a ƙasashe dabam-dabam, an kuma auna sakamakonsu, kuma abin da aka gano yana da amfani ga birni irin Maiduguri, wanda makarantunsa suka sha katsewar karatu fiye da na galibin biranen Nijeriya.

Asarar da raunin lissafi ke jawowa a shago ba ta cika fitowa fili ba, domin a hankali take cin jari. Ga misali, idan aka sayo buhun wake a kan Naira 40,000 aka sayar a kan Naira 50,000, ribar ita ce kashi 25 cikin ɗari na kuɗin saye, amma kashi 20 ne kacal na kuɗin sayarwa. Yaron shagon da bai bambance waɗannan biyu ba zai iya yi wa mai saye rangwamen kashi 25 cikin ɗari yana zaton ya sayar a kan uwar kuɗi, alhali ya karɓi Naira 37,500 ne, wato ya faɗi da Naira 2,500 a kowane buhu. Haka kuma idan takardar kaya ta nuna Naira 215,000 har da haraji, harajin da ke ciki Naira 15,000 ne. Wanda ya ɗauki kashi 7.5 na jimlar kai tsaye zai samu Naira 16,125, ya rubuta wa maigidansa harajin da ya zarce na gaskiya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar ilmin jami'a. Lissafin ƙaramar sakandare ne.

Kasuwancin Maiduguri ma ya fi na wurare da dama buƙatar kai mai saurin lissafi, saboda birnin mahaɗa ce ta ƙasashe huɗu. Kifi daga Baga, da shanu daga Cadi, da tattasai daga yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar, da kayan da ke ratsawa ta Gamboru Ngala da Banki zuwa Kamaru, duk ana cinikinsu ne tsakanin Naira da Sefa. Sefar ma iri biyu ce, domin wadda ake kashewa a Cadi da Kamaru dabam take da ta Nijar, ko da yake darajarsu ɗaya ce a kan kuɗin Yuro. Bugu da ƙari, mutanen Nijar kan ƙirga kuɗinsu da dala, wadda take Sefa biyar, kamar yadda Larabcin Cadi ke ƙirgawa da riyal. Saboda haka wakilin da aka aika ya yi ciniki sai ya ninka da biyar, ya juya zuwa Naira bisa farashin canjin ranar, ya ɗora kuɗin mota da na dako, kafin ya san ko cinikin zai fitar da shi. Tsofaffin fatake da yawa suna yin wannan da ka, ba tare da sun taɓa zama a aji ba. Abin takaicin shi ne a sami wanda ya yi shekara goma sha biyu a makaranta ya kasa.

YADDA GIƁIN YA SAMO ASALI

A watan Maris na shekarar 2014, 'yan makonni bayan harin da aka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi a Jihar Yobe, gwamnatin Jihar Borno ta ba da umurnin rufe makarantun sakandarenta. Daga bisani da yawa daga cikin manyan makarantun cikin Maiduguri suka zama matsugunin 'yan gudun hijira da suka kwararo daga Bama da Gwoza da Monguno da sauran garuruwa. Sai a watan Satumba na 2016 aka sake buɗe makarantun sakandaren gwamnati, bayan an kwashe masu gudun hijirar zuwa sansanoni irin su Bakassi da Dalori. A watan Satumba na 2017, Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya bayyana cewa kashi 57 cikin ɗari na makarantun Borno suna rufe, kuma tun daga 2009 an kashe malamai fiye da 2,295 a arewa maso gabas, an raba wasu 19,000 da muhallansu, an kuma lalata makarantu kusan 1,400.

Idan aka bi lissafin shekaru za a ga girman abin. Yaron da yake aji ɗaya na ƙaramar sakandare lokacin da aka rufe makarantu a 2014, bisa shekarunsa aji ɗaya na babbar sakandare ya kamata a ce yana shiga lokacin da aka buɗe a 2016. Shekarun da suka kuɓuce masa su ne daidai waɗanda ake koyar da kashi cikin ɗari, da lissafin riba da faɗuwa, da matakin farko na aljabara. Waɗannan su ne matasan da yanzu suka haura shekara ashirin, suke zaune a shaguna da rumfunan POS. Ƙannensu kuwa ba su tsira ba. Wanda ya isa shiga aji ɗaya na firamare a zangon karatu na 2014, wato a tsakiyar gudun hijira, shi ne ya isa ƙaramar sakandare a 2020, shekarar da annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan na tsawon watanni, kuma shi ne yake shirin shiga aji biyu na babbar sakandare lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye unguwanni da dama na birnin, aka sake rufe makarantu, wasu kuma aka sake tsugunar da jama'a a cikinsu.

Darussa da yawa suna jure irin wannan katsewa. Ɗalibin da bai halarci darasin tarihin daular Kanem ba zai iya fahimtar tarihin Shehu El-Kanemi idan ya dawo. Lissafi kuwa tamkar ginin bulo yake, kowane layi a kan na ƙasansa yake zaune. Wanda bai iya rabawa ba ba zai gane sulusi da rubu'i ba, wanda bai gane su ba ba zai gane kashi cikin ɗari ba, kuma idan aka kawo masa aljabara sai dai ya kwafi abin da ke kan allo. Manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma ko da an cimma wannan adadi, aji ɗaya a Maiduguri zai iya haɗa yaron da ya yi firamare mai zaman kanta ba tare da katsewa ba, da wanda ya taso a sansani, da wanda ya fito daga tsangaya ya shiga boko a makare. Malamin yana da manhajar da aka ba shi, da jarrabawar WAEC da NECO a gabansa. A bisa al'ada sai ya bi manhajar, ya tafi da 'yan layin gaba, sauran kuma su zama 'yan rakiya.

Su kansu malaman akwai magana a kansu. A farkon shekarar 2022, gwamnatin Gwamna Babagana Umara Zulum ta yi wa malaman firamare 17,229 na ƙananan hukumomi 27 gwajin karatu da rubutu da lissafi. Rahoton kwamitin ya nuna cewa 5,439 ne kawai, wato kashi 31.6 cikin ɗari, suka cancanci koyarwa. Wasu 7,975 an ce za su iya idan aka ba su horo, 3,815 kuma aka ce ko horon ba zai wadatar ba. Ke nan makarantar sakandare tana karɓar ɗaliban da da yawansu suka ratso ta hannun malaman da su ma suke da rauni a lissafin.

RABA ƊALIBAI IRI-IRI NE

Yawancin gardamar da ake yi kan raba ɗalibai bisa ƙwazo tana tasowa ne saboda masu maganar ba abu ɗaya suke nufi ba. Akwai rabawar da ake yi ta hanyar ware makaranta sukutum domin haziƙai. Arewacin Nijeriya ta san wannan sarai, domin a 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake ɗaukar ɗalibai ta hanyar jarrabawar tantancewa, kuma makarantun sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Gwamnatin Tarayya ma tana da makarantar haziƙai a Suleja. Wannan tsari ya yi abin da aka kafa shi dominsa, sai dai ba a kafa shi domin ɗalibi mai rauni ba. Hasali ma yakan kwashe ƙwararrun malaman lissafi daga sauran makarantu.

Iri na biyu shi ne wanda kowane uba ya sani, wato a zuba masu ƙoƙari a aji A, masu bi musu a B, har zuwa ajin ƙarshe, ɗalibi ya zauna a nan a dukkan darussa, sau da yawa har ya gama makaranta. Tun da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, rabon ɗaliban babbar sakandare zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci ya koma irin wannan rabawa a fakaice. A makarantu da dama, makin lissafi ne ke yanke hukunci: mai ƙoƙari a tura shi kimiyya, wanda ya gaza a tura shi adabi ko kasuwanci. A nan akwai abin mamaki da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi. Ajin da ake sa ran zai fitar da akawu da ma'aji da mai kula da sito shi ne ake tura wa waɗanda lissafi ya fi ba wuya, sa'an nan a koya musu ilmin akanta da tattalin arziki a kan tubalin da bai ƙanƙame ba.

Iri na uku shi ne a raba ɗalibai a darasin lissafi kaɗai, na wani ƙayyadadden lokaci, bisa gwajin abin da suka iya a yau, a kuma riƙa sake gwajin domin wanda ya ci gaba ya koma rukuni na sama. Wannan ne hujjojin bincike suka fi goyon baya.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Gwajin da masana tattalin arziki suka fi kafa hujja da shi an fara shi ne a yammacin Kenya a 2005, ƙarƙashin Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer. An ba makarantun firamare 121 ƙarin malami domin su raba aji ɗaya gida biyu. A makarantu 60 an raba yaran bisa makinsu, a sauran 61 kuma an raba su ta hanyar ƙuri'a. Bayan wata 18, yaran makarantun da aka raba bisa maki sun fi na ɗaya ɓangaren cin jarrabawa, kuma ba haziƙan kaɗai suka amfana ba, har da na rukunin ƙasa. Bayanin masu binciken shi ne cewa idan ɗaliban da ke gaban malami sun yi kusa da juna a fahimta, yakan sauko da darasinsa daidai da su. Amma sun kuma lura da wani abu mai tayar da hankali, wato malaman gwamnati da ƙuri'a ta kai su rukunin ƙasa ba su ba da himma kamar waɗanda aka ba rukunin sama ba.

A nan ne haɗarin yake, kuma ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari sun gan shi. A Ingila, inda raba ɗaliban sakandare a darasin lissafi ya zama ruwan dare, nazarin da aka tattara ya nuna cewa a jimlace ribar ba ta taka kara ta karya ba, kuma 'yan rukunin ƙasa su ne suka fi cutuwa, domin sukan samu malamai marasa gogewa, a rage musu abin da ake koyarwa, su kuma su yanke ƙauna daga kansu. Masana tattalin arziki Eric Hanushek da Ludger Woessmann, a wani nazari na 2006 da ya kwatanta ƙasashe, sun gano cewa ƙasashen da ke raba yara zuwa makarantu daban-daban tun suna ƙanana, kamar Jamus, tazarar da ke tsakanin ɗalibansu takan ƙaru, ba tare da matsakaicin sakamako ya inganta ba. Ana iya cewa rabawa kamar ware marasa lafiya ce a asibiti. Idan an ware su domin a ba su magani, an taimake su, idan kuwa an ware su ne domin kada su dami sauran, an ƙara musu ciwo.

Maganin da aka fi gwadawa ya fito ne daga Indiya. Ƙungiyar Pratham ta ɗauki 'yan mata daga cikin unguwanni a biranen Vadodara da Mumbai, ta ba su ɗan gajeren horo, suka riƙa ɗaukar yaran da aka bari a baya na tsawon awa biyu a kullum suna koya musu tushen karatu da lissafi. Nazarin da Abhijit Banerjee da Duflo da abokan aikinsu suka buga a 2007 ya nuna cewa makin yaran ya ƙaru a shekarar farko, ƙarin ya ninka a shekara ta biyu, kuma mafi rauni su ne suka fi samun ci gaba, a kan kuɗin da bai kai Dalar Amurka uku ga kowane yaro a shekara ba. Daga nan aka samo tsarin koyarwa daidai da matakin yaro, wanda aka fi sani da TaRL. Banerjee da Duflo da Kremer su ne suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 saboda irin waɗannan gwaje-gwaje. Tsarin ba baƙo ba ne a Borno, domin a 2018 an fara gwada shi a wasu makarantun firamare na jihar tare da haɗin gwiwar UNICEF da ƙungiyar Plan International da hukumar ilmin bai ɗaya ta jiha, a azuzuwa na huɗu zuwa na shida. Jihar Kano ma ta fara irinsa a 2019.

Sai dai duk waɗannan a firamare aka yi su, kuma ɗan shekara 16 ba ɗan shekara tara ba ne. Yana jin kunyar a gan shi yana koyon abin da ƙanensa ya iya, kuma jarrabawar fita tana jiransa nan da shekara biyu ko uku. Gwajin da ya fi dacewa da sakandare shi ne na birnin Shikago a Amurka. A 1997 hukumar makarantun birnin ta soke azuzuwan lissafi na masu rauni, ta wajabta wa kowane ɗalibin aji tara ya ɗauki aljabara, sai yawan masu faɗuwa ya ƙaru. A 2003 aka sauya dabara: duk wanda makinsa na lissafi ya gaza matsakaicin makin ƙasa sai ya riƙa ɗaukar darasin aljabara sau biyu a rana, ɗaya na manhaja, ɗaya kuma na cike giɓi, tare da ba malaman horo da kayan koyarwa na musamman. Bincike na baya ya nuna cewa makin waɗannan ɗalibai ya ƙaru, kuma yawan waɗanda suka kammala sakandare suka shiga kwaleji a cikinsu ya ƙaru. Amma waɗanda suka fi cin gajiyar su ne na kusa da matsakaici. Waɗanda suke can ƙasa ƙwarai ba su samu wani abin kirki ba, domin ninka musu aljabara bai warware musu matsalar tarawa da rabawa ba.

Idan aka haɗa waɗannan, abin da ya fi dacewa da Maiduguri shi ne a auri dabarun biyu. Ɗalibi ya ci gaba da zama a ajinsa yana bin manhaja tare da 'yan'uwansa, sa'an nan a ƙara darasi na musamman inda ake zama bisa mataki: masu fama da ninkawa da rabawa a wuri guda, masu fama da kashi cikin ɗari a wani, masu buƙatar a ɗan tallafa musu a aljabara a wani. Gwajin da za a raba su da shi ya zama gajere, a yi shi a makon farko na shiga babbar sakandare, a maimaita shi kowane zango. Sharaɗi mafi wuyar cikawa shi ne shugaban makaranta ya tura malaminsa mafi ƙwarewa zuwa rukunin ƙasa, abin da ya saɓa wa al'adar da aka saba, inda gwanin malami yake tare da ajin kimiyya na shekarar ƙarshe domin a fita kunyar WAEC.

BATUN KUƊI DA LOKACI

Ana iya ƙiyasta abin da tsarin zai ci ta hanyar misali. A ɗauka makaranta tana da azuzuwa shida na aji ɗaya na babbar sakandare, kowanne da ɗalibai 60, jimla 360, kuma gwaji ya nuna sulusinsu, wato 120, suna buƙatar taimako. Idan aka kasa su rukuni huɗu na mutum 30, kowane rukuni ya samu ƙarin darasi huɗu a mako, an samu darasi 16 ke nan, wanda bai wuce aikin malami ɗaya ba. A kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, albashin shekara zai kama Naira 840,000, wato Naira 7,000 a kan kowane ɗalibi. Ko da an ninka wannan sau biyu domin a samu malami mai digiri, an tsaya a Naira 14,000, alhali kuɗin rajistar WAEC kaɗai ya kai Naira 27,000 a 2024. Gwamnatin Borno ta sha ɗaukar nauyin kuɗin jarrabawar ɗaliban makarantunta, iyaye kuma sukan sake biya idan yaro ya faɗi. Biyan kuɗin jarrabawa ga ɗalibin da aka san bai iya rabawa ba daidai yake da biyan kuɗin mota ga kayan da ba a ɗaure ba.

Lokaci ya fi kuɗi wuyar samu. Ƙarin darasi bayan an tashi makaranta shi ne mafi sauƙin tsarawa a kan takarda, kuma shi ne mafi saurin rushewa, domin ɗaliban da ake nufi su ne waɗanda ake jira a shago ko a garejin gyaran Keke Napep da rana, 'yan mata kuma ana jiransu a gida, ga Islamiyya da yamma, ga zafin Maiduguri a watannin Afrilu da Mayu. Lesin na kuɗi da iyaye masu hali ke biya ba ya kaiwa gare su. Saboda haka ya fi kyau a sanya darasin a cikin jadawalin safe, ko da za a rage wani abu, kamar yadda aka yi a Shikago inda ɗaliban suka bar wani darasi na zaɓi. Ta fuskar malamai, birnin yana da Jami'ar Maiduguri da aka kafa a 1975, da Kwalejin Ilmi ta Sir Kashim Ibrahim, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, waɗanda ɗalibansu ke fita koyon aikin koyarwa ko aikin sanin makama, ban da masu yi wa ƙasa hidima. Darasin Indiya shi ne cewa matashi mai ɗan horo da tsararren littafin jagora zai iya koyar da tushen lissafi, muddin akwai mai duba aikinsa a kai a kai. Gine-ginen ma an samu ƙari, daga manyan makarantun da aka fara ginawa a zamanin Gwamna Kashim Shettima, zuwa shirin AGILE na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2020 da Dala miliyan 500, wanda Borno tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga.

Akwai kuma batun harshe. Tambayoyin jarrabawa da Turanci suke zuwa, kuma da yawa daga cikinsu labari ne da sai an karanta an fahimta kafin a san abin da za a lissafa. Yaron da ke magana da Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Marghi a gida, yake ciniki da Hausa a kasuwa, zai iya sanin amsar idan aka yi masa tambayar da baki a kan mudu da buhu, ya kuma kasa ta a kan takarda. Gwajin rabawa da bai bambance raunin lissafi da raunin Turanci ba zai jefa yara da yawa a rukunin da ba nasu ba. Binciken Shikago ma ya nuna cewa ɗalibai masu raunin karatu suna cikin waɗanda suka fi amfana, saboda a darasin na biyu ana sa su bayyana yadda suka warware matsala da baki da kuma a rubuce.

A watan Oktoba na 2025, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sanar da cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga masu neman fannonin adabi, ko da yake ta bayyana daga baya cewa har yanzu wajibi ne kowane ɗalibi ya zauna jarrabawar darasin. Sassaucin bai shafi kimiyya da fasaha da ilmin zamantakewa ba. Abin da ake gudu shi ne makarantu su ɗauki sanarwar a matsayin izinin sallama ɗaliban ajin adabi, waɗanda da yawansu kasuwa ce makomarsu ko sun shiga jami'a ko ba su shiga ba. Takardar sakamakon ma ba ta isa ma'auni ita kaɗai ba. Yawan waɗanda suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi a WAEC a faɗin ƙasar nan ya tashi daga kashi 31.28 cikin ɗari a 2014 zuwa kashi 81.7 a 2021, ya sauko zuwa 72.12 a 2024, kuma da wuya a ce iyawar ɗalibai ce ta yi irin wannan hawa da sauka cikin shekara goma.

Saboda haka ne ake ganin masu ɗaukar ma'aikata suna da rawar takawa. Attajiran birnin sun saba gina azuzuwa da haƙa rijiyoyin burtsatse da biya wa marayu kuɗin jarrabawa, ayyukan da ake gani da ido. Ɗaukar nauyin malamin lissafi guda a makarantar jeka-ka-dawo ta unguwa bai kai kuɗin gina aji ɗaya ba, kuma ƙungiyar 'yan kasuwar Monday Market ko ta masu kifi a Tashar Baga za ta iya yinsa ta hannun kwamitin kula da makaranta. Mai bayar da kuɗin yana da damar ya nemi a nuna masa abu uku a ƙarshen kowane zango: sakamakon gwajin farko, da rajistar halartar darasi, da adadin ɗaliban da suka tashi daga rukunin ƙasa zuwa na gaba. Idan zango biyu suka wuce sunayen da ke rukunin ƙasa ba su sauya ba, to akwai buƙatar a sauya malamin ko littafin jagorar kafin a sake fitar da kuɗi.